Babi na Shida: Idan Sama Ta Rufe

Yara goma sha ɗaya na tara a kan benen gidanmu da ke Mabera, daren 12 ga Agusta na wata shekara, kowa da 'yar tabarmarsa. Mako guda na yi ina cika musu kunne. Na ce a daren nan taurari za su yi ta zuba kamar ana sheƙar gero, kuma duk wanda ya ƙirga talatin kafin barci ya ɗauke shi, ƙosansa na safe yana wuyana. Iyayensu sun bar su ne don sun san ni, wata uwa ma har ta aiko mana da kunun zaƙi. Bayan isha'i abin da dama-dama, ana hango taurari jefi-jefi ta tsakanin gizagizai. Sai wajen sha ɗaya iska ta ɗauke cik, zufa ta karyo wa kowa, walƙiya ta fara wasa can gabas ta wajen Rabah. Duk ɗan Sakkwato ya san abin da ke biye da wannan. Ba a yi rabin awa ba iska ta iso da ƙura da ledoji, muka kwashi tabarmi muka gangara a guje, ni ina rungume da madubin hangen nesa. Aka kwana ana ruwa.

Na kwanta da haushi. Shekara guda nake jiran daren, na yi wa yara alkawari, ga shi ko tauraro ɗaya ba su ga ya faɗi ba. Da asuba, muna fitowa daga masallaci, wani dattijo maƙwabcinmu mai gona a hanyar Dange ya riƙo hannuna.

"Malam, ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Baba."

Hausa ba ta tanadi wata amsa ba ban da wannan. Ko katangarka ruwan ya rushe, haka za ka ce. Bakina ya faɗa, zuciyata ba ta faɗa ba. Shi kuwa sai ya ƙara matse hannuna ya ce, "Kwana tara gerona na jiran wanga ruwa, har ya hwara naɗe kunne. Jiya ban yi kwana ba, ina bisa tabarma ina dibin gabas."

Ashe mu biyu muka raba dare muna kallon gabas, katanga uku ce kawai tsakaninmu.

Wanda zai riƙi kallon taurari a matsayin abin sha'awa a garin nan, wajibi ne ya fara sanin yadda shekararmu take, domin iskoki biyu ne suka raba ta a tsakaninsu. Ɗaya tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, jiƙe da laima. Ɗayar tana gangarowa daga Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya ƙayau. Inda suka haɗu akwai wata iyaka da ido ba ya gani, tana tafiya arewa, tana komawa kudu, tana bin rana. Idan ta ƙetare mu ta yi arewa, wajen Mayu zuwa Yuni, mun shiga hannun iskar teku, damina ke nan har ƙarshen Satumba. Idan ta juyo ta wuce mu a Oktoba, mun koma hannun iskar hamada, ba da jimawa ba kuma hazo ya sauko.

Damina ba ta buƙatar dogon bayani. Gajimare ya rufe sama, ka duba ka ga ba komai, ka shiga ɗaki. Hazo ne mai cin rai, domin yaudara gare shi. Za ka fito ka tarar babu girgije ko ɗaya, ga sanyi mai daɗi, ga sauro ya yi sauƙi, ka ɗaga kai ka ga sama ta yi fari-fari kamar an shafa mata toka, taurari 'yan ƙalilan ne a tsakiyar ka, gefe-gefe kuwa babu ko ɗaya. Dalilin bambancin shi ne kaurin iskar da haske ke ratsawa. Tauraron da ke saitin kanka, haskensa ta gajeriyar hanya yake sauko maka. Wanda ke sulusin hanya tsakanin ƙasa da tsakiyar sama, iskar da haskensa ke ketawa ta ninka waccan sau biyu. Wanda ke daf da faɗuwa kuwa, ninkin ya haura talatin. Idan iskar nan cike take da ƙura, sai ta cinye hasken tun bai iso ba.

Wannan ƙurar tana da gida. A arewacin Chadi, kusa da Faya-Largeau, akwai wani kwari da ake kira Bodele. Shekaru dubbai da suka wuce ƙasan ruwa ne, lokacin da tafkin Chadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa. Ruwan ya janye ya bar farar laka mai laushi kamar garin alabo, wadda akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka taru. A lokacin hunturu iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi kamar daga bakin zugazugin maƙeri, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Masana suna lissafa wurin a matsayin mafi girman matattarar ƙura a duniya, har wani kaso nata yakan tsallake teku ya sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka. Farar ƙurar da kake kakkaɓewa daga sirdin babur da safiyar Janairu, wani ɓangarenta ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya same ka. Ita ce ke hana jirgi sauka a filin jirgin Sultan Abubakar III, ita ce ke tayar wa masu asma ciwo, ita ce kuma ke shafe mana sama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har cikin Maris.

Bazara kuma nata salon daban. Da rana zafi ya haura digiri 40, da dare bango da kwanon rufi su yi ta amayar da abin da suka sha. Ka saita madubi a kan wata, ka ga yana rawa kamar kwabo a ƙasan ruwa mai gudu.

To, yanzu ɗora manyan ranakun masu kallon sama a kan wannan jadawalin, ka ga yadda abin ke faɗawa. Zubar taurari guda biyu ne suka fi ko wace armashi a shekara. Ta farko ita ce ta 12 da 13 ga Agusta, lokacin da duniya ke ratsa ɓurɓushin da tauraruwa mai wutsiya Swift-Tuttle ta bari a hanyarta. Yawancin ɓurɓushin bai wuce ƙwayar gero ba, amma yana shigowa da gudun kusan kilomita 59 a daƙiƙa guda, ya ƙone a can sama, kimanin kilomita 100 daga ƙasa. Tsakiyar marka ke nan a wurinmu. Ta biyu ita ce ta 13 da 14 ga Disamba, tsakiyar hazo. Husufin wata mafi tsawo a wannan ƙarnin, wanda wata ya yi awa ɗaya da minti 43 cikin cikakkiyar inuwar duniya, ya faɗo ne daren Juma'a 27 ga Yuli, 2018, damina tsundum. Tauraruwa mai wutsiya NEOWISE, wadda duniya ta yi ta ɗaukar hotonta, a Yulin 2020 ta bayyana. Haɗuwar Mushtari da Zuhalu ta 21 ga Disamba, 2020, wadda rabon da su kusanci juna haka tun 1623, ta faru ne ƙasa-ƙasa a yamma bayan magariba, daidai inda hazo ya fi kauri. Husufin rana na 2 ga Agusta, 2027, wanda zai zama cikakke a Luxor ta Masar da Jidda da Makka, mu kuma mu sami wani ɓangarensa, shi ma a cikin marka zai zo.

Abin da ke ƙara wa mai kallo zafi a zamanin nan shi ne wayar da ke aljihunsa. Manhaja za ta gaya maka minti da daƙiƙar da husufi zai fara, ko da saura shekara hamsin, kuma ba za ta yi kuskure ba. Rana ba ta ƙarya. Rana da wata da duniya suna tafiya ne a sarari inda babu abin da ke gogar su, lissafinsu a miƙe yake. Iska ba haka take ba. Ɗan bambancin zafi tsakanin jiƙaƙƙiyar fadama da busasshen tudu ya isa ya haifi hadari da la'asar, shi ya sa mai hasashen yanayi zai iya ce maka akwai yiwuwar ruwa a yankin Sakkwato gobe, amma ba zai iya rantse maka cewa benenka ne zai jiƙe ko na mutanen Kware ba. Sai mutum ya ɗauki tabbacin lissafin farko ya jingina wa na biyu, ya sa ranar a ransa kamar ranar ɗaurin aure, ya gayyaci jama'a. Idan sama ta rufe, sai ya ji kamar an danne masa haƙƙi.

Na ga inda wannan jin ya kai wani ƙanena a wannan harka, matashi mai kaifin basira. Ya kwashi adashinsa, ya ƙara da rance, ya yi odar babban madubi daga waje. Kayan suka iso a watan Yuni. Wata uku yana fitar da shi tsakar gida yana mayarwa, maiɗakinsa tana kallon kwalin da ya cinye kuɗin da aka yi niyyar gyaran rufi da shi. Oktoba ta zo ta same shi a wata tafiyar aiki. Da ya dawo hazo ya sauka, ƙura ta kwanta a kan gilashin, ya sa gefen rigarsa ya goge, ya bar masa zane-zanen da ba su fita. Ƙurar hazo tana da tsini, hure ta ake yi, ba a murza ta. Kafin azumi ya sayar da madubin a kan abin da bai kai rabin kuɗinsa ba. Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar yadda na ga ya daina ɗaga kai gaba ɗaya ba. Yaron da ya koya wa kansa sunayen taurari daga tsohon littafi, yau ko farin wata ba ya tsayawa ya kalla.

Duk lokacin da na tuna shi, sai in tuna wani Bafaranshe mai suna Guillaume Le Gentil, domin a tarihin wannan ilimi ban san wanda gajimare ya yi wa abin da ya yi masa ba. Tauraruwar da muke kira Zara matar wata idan ta fito da yamma, mu kira ta Gamzaki idan ta fito da asuba, wato Zuhura, takan gifta ta gaban rana a gan ta kamar baƙin ɗigo. Abin yana zuwa ne bibbiyu, shekara 8 tsakani, sannan a yi fiye da ƙarni ba a sake gani ba. Masanan ƙarni na 18 sun gane cewa idan aka auna giftawar daga wurare masu nisa da juna, za a iya fitar da nisan rana daga duniya. Le Gentil ya bar Faransa a 1760 ya nufi Pondicherry a Indiya don ya auna ta 1761. Yaƙi tsakanin Faransa da Ingila ya hana shi sauka, ranar ta same shi a tsakiyar teku, sama garau, amma jirgi na tangaɗi, awo bai yiwu ba. Sai ya yanke shawarar ya zauna a yankin ya jira ta 1769. Ya je Manila, daga baya ya wuce Pondicherry ya gina ɗakin awo. Makonni sama tana tas kowace safiya. Safiyar 4 ga Yuni, 1769, girgije ya zo ya tsaya a gaban rana har aka gama, sannan ya watse. A Manila da ya baro, sama a buɗe take ranar. Ya koma gida a 1771, bayan shekara 11, ya tarar an ɗauka ya mutu, dangi sun shiga rabon dukiyarsa. Mutumin nan bai haukace ba. Ya karɓi abin da ya iya karɓowa, ya yi aure, ya rubuta littafin tafiyarsa mai ɗauke da taswirori da bayanin iskokin teku da lissafin taurari na malaman Indiya da ya koya a shekarun jira, ya rayu har 1792. Giftawar ƙarshe an yi ta a 2012. Ta gaba sai 2117.

Amma ba sai mun je Indiya neman darasi ba. Garin nan ya daɗe yana kallon sama, kuma ya daɗe da sanin cewa takan rufe.

A watan Maris na 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, Waziri Gidado ya sauke shi, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin kayan da ya nuna wa Sarki akwai taswirar taurari da madubin hangen nesa da na'urar auna tsayin rana. Clapperton da kansa ya rubuta cewa ya tarar Bello ya san burujai duka, ya san wasu gungun taurari, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Da ya dawo a 1826, cikin tsarabarsa har da littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, a ƙarƙashin wannan samar tamu Bello ya san taurarin nan. Damina ɗaya ce, hazo ɗaya ne, bazara ɗaya ce, ba shi da gilashi ba shi da manhaja, ga mulki ga yaƙi ga rubutu. Irin wannan sanin a hankali ake tara shi, dare kaɗan bana, dare kaɗan baɗi, da littafi a hannu a dararen da babu abin gani.

Malaman hisabi sun gaji wannan, manoma kuma suka karɓa daga gare su. Sun raba shekara gida 28 bisa manzilolin wata, kowane tauraro kwana 13, ban da Jabha mai 14, jimilla 365. Bakwai daga ciki na damina ne: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Tsohon manomi zai ce maka an shiga Ɗarfa, alhali ya yi kwanaki bai ga tauraro ko ɗaya ba. Ba ya buƙatar ya gan shi. Ya riƙe ƙirgen, ya san tauraron yana nan a bayan gajimare yana tafiyarsa, abin da yake nema a wurinsa shi ne labarin ruwa: yaushe za a yi shuka, yaushe marka za ta kankama, yaushe za a fara jin ƙanshin kaka. Kakanninmu sun koyi taurari ne don su san ruwa. Ni kuma ga ni a kan bene ina fushi da ruwa don ya ɓoye mini taurari. Ranar da na fahimci haka na ji kunya ƙwarai.

Sai kuma babban kallon sama na ƙasar nan, wanda hedikwatarsa ke garinmu. Duk ranar 29 ga watan Musulunci ana neman jinjirin wata, amma na Ramadan da na Shawwal su ne ƙasa duka ke kasa kunne a kansu. Fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar III takan fitar da sanarwa a nemi wata, wanda ya gani ya kai wa hakimi ko dagaci mafi kusa, a tantance, labari ya iso Sakkwato. Kwamitin fadar mai ba da shawara kan harkokin addini, ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Farfesa Sambo Wali Junaidu, da kwamitin ganin wata na ƙasa, su ke tattara rahotannin. Ga wanda ya san sama, babu abin dubawa mai wuya kamar wannan. Jinjirin daren farko siriri ne kamar zare, yana ƙasa-ƙasa a yamma cikin jan hasken magariba, inda iska ta fi kauri, kuma sau da yawa ba ya kai awa guda yake bin rana ya faɗi. Da yake shekarar Musulunci tana gaza ta rana da kusan kwana 11, azumi yana zagaya yanayi duka cikin shekara 33. Na 2011 a Agusta aka yi shi, na 2025 a Maris, na 2030 zai kama a Janairu. Wato a rayuwar mutum guda za a nemi watan azumi a cikin marka, a neme shi a cikin hazo, a neme shi a bazara.

Shari'a ba ta bar wannan a buɗe ba. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya rataya ɗaukar azumi da ajiye shi a kan ganin wata, ya kuma faɗi abin da za a yi idan an yi gajimare: a cika ƙirgen kwana talatin. Na daɗe ina juya wannan hukuncin a raina. Ga ibadar da miliyoyin mutane ke jira, an ɗaura ta a kan abin da girgije guda zai iya rufewa, kuma tun farko aka yi wa girgijen gurbi a cikin dokar. Wanda ya fita nema bai gani ba, bai yi laifi ba, bai kuma yi aikin banza ba, domin rashin ganin ma rahoto ne da ake aiki da shi. Dattawan da ke tsayawa a bayan gari suna duban yamma sukan juyo su ce ba a gani ba, su tafi sallar magariba, gobe a cika. Idan abin da ya kai azumi nauyi an yi masa wannan sassaucin, ban ga hujjar da zan kafa ba ta ɓata rai har kwana biyu don zubar taurari ta wuce ni.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Mai kallon taurari da ke fatan Agusta mai sama garau dare talatin, ya tambayi waɗanda suka ga 1973 da 1984 yadda irin wannan damina take. Su sun ga taurari a lokacin da bai kamata a gan su ba. Gero ya bushe a tsaye, shanu suka zube, mutane suka baro ƙauyukan arewa da Nijar suka cika gari, aka yi ta fita sallar roƙon ruwa. Ruwan ma yana da nasa ɓarin, wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya sani. Ta kowace fuska aka duba, abin da hadari ke ɗauke da shi ga mutanen ƙasar nan ya shafi abinci da matsuguni da rai, ni kuwa abin da ya ɗauke mini daren nan kallo ne.

Haka batun duhu. Littattafan ƙasashen waje za su ce maka ka bar hasken gari ka shiga daji. A da mukan yi haka, mu hau babur mu yi 'yan kilomitoci, mu shimfiɗa tabarma a gefen gona. Yau a gabashin jihar nan, wajen Isa da Sabon Birni, akwai garuruwan da mutane ba sa iya kwana a ɗakunansu saboda 'yan bindiga. Samarsu ta fi tamu duhu da yawan taurari, kuma babu mai sukunin ɗaga kai. Ba na ba kowa shawarar ya fita bayan gari da dare don wannan abin. Benenka ko tsakar gidanka ya ishe ka, musamman idan an ɗauke wuta unguwa ta yi duhu.

Manyan masana ma da kuɗi suka sayi mafita. Turawa sun kai manyan madubansu dutsen Paranal a hamadar Atacama ta ƙasar Chile, mita 2,600 da 'yan kai sama da teku, inda ake samun dare kusan 300 a shekara babu gajimare. Da hakan bai ishe su ba suka harba madubin Hubble a 1990 da na James Webb a 2021, can sama da iska gaba ɗaya. Mu da ba mu da wannan, abin da ya rage mana shi ne sanin ƙofofin da samarmu ke buɗewa.

Kuma tana buɗewa. Daren da aka yi ruwa da la'asar hadari ya wuce yamma, a tsakiyar daminar ma, wani lokaci sama takan fito a wanke tas, taurari kamar ka miƙa hannu ka tsinko, domin ruwan ya sauke duk ƙurar da ke iska. Irin wannan daren ba ya sanarwa, sai wanda madubinsa ƙarami ne, yana rataye a ƙusa, zai iya fita da shi cikin minti ɗaya. Shi ya sa nake ce wa mai farawa ya nemi ɗan madubi mai ido biyu irin na mafarauta, kada ya ci bashi. Hazo ma numfashi yake yi, ya yi kwana huɗu ko biyar da kauri, ya sassauta kwana biyu. Ko a cikinsa, wata da Mushtari da Zuhalu suna da hasken da ke huda shi, za ka ga ramukan wata, ka ga 'ya'yan Mushtari huɗu da Galileo ya fara gani a 1610 sun jeru kamar 'yan rakiya. Abu ɗaya nake gargaɗi a kansa da babbar murya: ranar da hazo ya mai da rana kamar farin faifai har ido na iya kallonta, kada wanda ya kuskura ya saita mata madubi. Zafin da ke ƙona ido yana ratsa hazon, kuma makantar ba ta da magani.

Babbar ƙofar kuwa ita ce kaka, daga farkon Oktoba zuwa shigowar hazo a Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta iso ba, ƙasa tana da sauran laima da ciyawar da ke riƙe turɓaya. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, matsayin da mutanen Turai za su yi mana hassada a kansa, domin muna ganin tauraron arewa a ƙasa-ƙasa, muna kuma ganin Suhailu da taurarin kudu da ba sa fito wa akasarinsu ko kaɗan. A daren Oktoba, bayan isha'i, farin zanen nan na taurari da ya ratsa sama yana nan ta yamma. Ta arewa maso gabas akwai wani ɗan dusu-dusu, Andromeda, wanda haskensa ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya. Wajen 21 ga wata akwai 'yar zubar taurari daga ɓurɓushin tauraruwa mai wutsiya Halley, wadda ta ziyarce mu a 1986 za ta kuma dawo a 2061. Tauraruwa mai wutsiya Tsuchinshan-ATLAS ta 2024 ma a tsakiyar Oktoba ta fito a yamma bayan magariba, ta faɗo a cikin ƙofarmu daidai.

Yanzu ba na yi wa yara alkawarin rana. Nakan ce musu in Allah ya buɗe sama zan aiko a kira su. Dararen damina kuma na mai da su na karatu da zana taswira da gyaran ƙafar madubi, wani daren kuma na hira da iyali kawai, wadda a shekarun farko na tauye ta ba tare da na lura ba.

A kakar shekarar nan da nake ba da labari, bayan an yi girbi an ɗaure dammuna, na aika aka kira yaran. Bakwai suka zo. Dattijon nan maƙwabcina ya ji hayaniyarsu, ya tako matakala a hankali yana dafa bango. Kaza da 'ya'yanta ta ɗago daga gabas, can inda walƙiya ta taso mana a Agusta. Na tambaye shi 'ya'ya nawa yake gani. Ya ce da yana yaro bakwai yake ƙirgawa, yanzu ido ya yi rauni, sai dai ya ga taronsu. Na miƙa masa madubi, na nuna masa yadda zai jingina gwiwar hannu a kan katanga don kada ya yi rawa. Ya daɗe shiru, yaran suna ta ƙosawa layi ya zo kansu.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe ɗiyanta sun hi haka yawa."

Ya miƙa wa ƙaramin cikinsu madubin, ya shafa katangar da tafin hannu ya ji ta da sanyi-sanyi, ya ce raɓa ta fara sauka, waken da ya bari a gona zai ji daɗinta.